Waɗanda suka riƙe makullan

Shekara uku na yi ina sharar dare a ginin wasanni na wata jami'a a Amurka, lokacin da nake karatu. Kwana uku a mako, daga ƙarfe goma na dare zuwa huɗu na asuba, don doka ba ta yarda ɗalibi baƙo ya wuce awa 20 a mako ba idan ana cikin zangon karatu. Ranar da na fara, aka miƙo mini zoben makullai mai nauyi na rataya a ƙugu, duk inda na taka sai ya yi ƙara. Da shi nake buɗe ɗakin da 'yan wasa ke canza kaya, da ɗakin ɗaga ƙarfe, da wurin wanka, har ofisoshin kociyoyi da ke bene. Ina tsince filastar da suka kwance daga ƙafafunsu suka yar, in loda jiƙaƙƙun tawul a keken turawa, in zubar da ruwan ƙanƙarar da suke shiga bayan atisaye. Har yau idan na shaƙi warin maganin wanke banɗaki sai in tuna fararen fitilun ginin nan da yadda yake yin tsit bayan kowa ya watse.

Tun makon farko na gane cewa mai shara bango ne. Mutane na yin maganar da ba za su yi a gaban matansu ba alhali kana tsaye da bokiti a gefensu. Kana ganin wanda ya dawo da tsakar dare, da wanda ya shigo da shi, da ƙofar da suka bi. Babu wanda ya san gini kamar mai share shi, babu kuma wanda ake tsammanin jin ta bakinsa ƙasa da shi.

Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da zancen lalata da yara da aka yi a jami'ar Penn State, mutane suka kama gardama kan babban kocin ƙwallonta Joe Paterno, ko ya sani ko bai sani ba, ni hankalina kan tafi wurin masu sharar da ke aiki a ginin Lasch, wato ginin 'yan ƙwallon jami'ar, wani dare a kakar shekarar 2000.

Sai ka san garin kafin ka fahimci daren. State College ƙaramin gari ne a tsakiyar jihar Pennsylvania, duwatsu sun kewaye shi, mutanensa na yi masa kirari da Kwarin Farin Ciki. Filin wasansu na Beaver yana cin mutum fiye da dubu 100, wato ya ninka mutanen garin sama da sau biyu. Ranar Asabar idan za a buga ƙwallon ƙafar Amurka, otal ya cika, gidan abinci ya cika, mai sayar da riga ya yi ciniki. Duk wannan arziki yana rataye ne da ƙungiya ɗaya, ƙungiyar kuma tana rataye da mutum ɗaya. Paterno ya zo jami'ar a 1950 a matsayin mataimakin koci, ya zama babban koci a 1966, ya ci kofin ƙasa a 1982 da 1986, ya tara nasara 409. Abin da ya fi nasarar ma shi ne sunan da ya yi na mutumin kirki. 'Yan wasansa suna kammala karatu, ya ba da kuɗinsa aka faɗaɗa ɗakin karatun jami'ar, taken ƙungiyar kuwa shi ne nasara tare da mutunci.

A gefensa shekara talatin akwai Jerry Sandusky, wanda ya yi wasa a jami'ar, ya dawo ya zama mataimakin koci daga 1969 zuwa 1999. A 1977 ya kafa wata gidauniya mai suna The Second Mile don taimakon yaran da suka fito daga gidajen da ke cikin ƙunci. Daga cikin waɗannan yara yake zaɓar waɗanda zai lalata. Da ya yi ritaya a 1999, jami'ar ta sallame shi da dala dubu 168, ta ba shi muƙamin girmamawa, ta bar masa ofis da makullan ginin. Shekara ɗaya kafin nan, a 1998, wata uwa ta riga ta kai ƙara wurin 'yan sandan jami'ar bayan ɗanta mai shekara 11 ya dawo gida ya ce sun yi wanka tare da Sandusky. Aka bincika, mai gabatar da ƙara na yankin ya ce ba zai kai maganar kotu ba, aka rufe fayil.

To a wannan gini ne, a 2000, wani dattijo mai shara, ma'aikacin wucin gadi, ya leƙa wurin wanka ya ga Sandusky ya danne wani yaro a jikin bango yana lalata da shi. Ya fito jikinsa na rawa yana kuka, har abokan aikinsa suka ji tsoron kada zuciyarsa ta buga. Mutumin nan ya yi yaƙin Koriya. Ya ce musu ya ga mutanen da hanjinsu ya zubo, ya ga waɗanda hannuwansu suka guntule, amma abin da ya gani yanzu ba zai taɓa mantawa da shi ba. Wani abokin aikinsa ya riga ya hangi ƙafafu biyu-biyu a wurin wankan, daga baya ya ga Sandusky ya fito riƙe da hannun yaron. A daren ya sake ganin motar Sandusky tana zagaya wurin ajiye motoci a hankali, har sau biyu, babu yaron a ciki.

Suka taru suka yi shawara. Shugabansu na dare ya gaya wa dattijon inda zai kai rahoto idan yana so. Ba wanda ya kai. Bayan shekara goma sha biyu, ɗaya daga cikinsu ya gaya wa masu bincike cewa a ganinsa kai wannan ƙara daidai yake da yin fito-na-fito da shugaban ƙasar Amurka, ya ce ƙwallo ce ke mulkin jami'ar, kuma da sun yi magana da an kore su gaba ɗaya.

Na karanta wannan wuri sau da yawa, kuma na san ɗakin da suka taru ko da ban taɓa shigarsa ba. Ƙaramin ɗaki ne mai famfo a ƙasa, da jarkokin sabulu a kan kanta, da kujera ɗaya ko biyu da suka karye aka kawo nan. Na san yadda ake magana ƙasa-ƙasa a cikinsa. Ba na wanke su. Waya tana nan, lambar 'yan sanda uku ce kacal, kuma yaro ne aka gani. Amma akwai wani abu a takardun shari'ar da ya daɗe yana damuna: in ban da shugabansu, kusan duk waɗanda ke aiki a daren sababbin ma'aikata ne. Sababbi, amma har sun riga sun koyi darasin. Ba wanda ya kira su ofis ya ce idan kun ga abu ku yi shiru. A iska suka shaƙe shi. Wani ne ya hura wannan iska, kuma waɗanda suka hura ta su ne tsofaffin gidan.

Watanni kaɗan bayan nan, daren Juma'a 9 ga Fabrairu 2001, Mike McQueary ya shiga ginin don ajiye takalma. Shekararsa 26, a garin ya tashi, ya yi wa Paterno wasa, yanzu yana ƙaramin mataimaki yana fatan hawa sama. Ya ji motsi a wurin wanka, ya duba ya ga Sandusky da wani yaro tsirara. Ya buga ƙofar akwatin kayansa da ƙarfi don su san akwai mutum, ya fita ya kira mahaifinsa. Da safe ya tafi gidan Paterno. Paterno ya bari sai Lahadi sannan ya gaya wa daraktan wasanni Tim Curley. Da aka tambaye shi daga baya, a ƙarƙashin rantsuwa, ya ce ranar Asabar ce, bai so ya ɓata wa mutane hutun ƙarshen mako ba. Sai da aka yi kusan kwana goma kafin Curley da Gary Schultz, mataimakin shugaban jami'ar wanda 'yan sandan harabar ke ƙarƙashinsa, su zauna da McQueary.

Duba mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Paterno ya shekara 51 a wurin a lokacin. Curley ɗan garin ne, a jami'ar ya yi karatu, a ciki ya yi ta hawa har ya zama darakta a 1993. Schultz shi ma ɗalibinta ne, ya shafe kusan shekara talatin yana mata aiki. Graham Spanier, shugaban jami'ar tun 1995, ya taɓa koyarwa a can tun yana matashi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tsoron a kore shi kamar mai shara. Su ne masu kora.

Saƙonnin imel ɗinsu suna nan, masu bincike sun tono su. Da farko sun tsara abu uku: a yi wa Sandusky magana, a sanar da gidauniyarsa, a kuma sanar da hukumar kula da walwalar yara ta jiha. Ran 27 ga Fabrairu sai Curley ya rubuta cewa bayan ya ƙara tunani, ya kuma tattauna da Joe jiya, hankalinsa bai kwanta da matakin da suka amince a kai ba. Ya fi son a zauna da mutumin, a ba shi shawarar neman taimakon ƙwararru, a gaya masa kada ya sake kawo baƙinsa ginin. Ko sunan Sandusky bai rubuta ba, "mutumin" ya ce. Yaran kuma suka zama "baƙinsa". Spanier ya amsa cewa wannan hanya ce ta tausayi kuma mai ma'ana, ya ƙara da cewa matsalarta ɗaya: idan mutumin bai ji ba, su ne za su shiga tsaka mai wuya saboda ba su kai rahoto ba.

Tausayi. Kalmar nan ce ta fi tsaya mini a wuya. Na yarda da gaske tausayin suke ji, ba na tsammanin ƙarya suke yi wa juna a saƙon da ba su zaci wani zai karanta ba. Sun san Sandusky shekaru da dama, sun san matarsa, sun zauna teburi ɗaya a liyafa, sun yi tafiye-tafiye a jirgi ɗaya. Idan suka rufe ido, fuskarsa suke gani. Yaron kuwa ba shi da fuska a wurinsu, don ba wanda ya nemi sanin ko wane ne shi, ko ɗan wa ne, ko ya kwana lafiya. Wannan shi ne aikin da daɗewa a wuri ke yi wa zuciya. Tana ƙara wa na kusa nauyi har wanda ba a sani ba ya zama ba ya auna komai a sikeli. Sabo turken wawa ne, to har mai digiri uku yana ɗauruwa a wannan turke.

Rufin asiri kalma ce mai kyau, muna roƙon Allah ya yi mana shi. Amma idan aka ce a rufa asiri, ya kamata a tambaya asirin wa, kuma wa za a danne a ƙarƙashin murfin. A nan an bar kaza cikin gashinta, Sandusky ya ci gaba da riƙe makullansa shekara goma cur bayan haka. Cikin yaran da aka same shi da laifi a kansu akwai waɗanda bai ma haɗu da su ba sai bayan 2001. Waɗannan yara suna ƙanana a gidajensu ranar da ake rubuta saƙon tausayin nan.

Ba daga nesa nake wannan magana ba. A shekarata ta biyu, wani dare cikin tsananin sanyi, wajen ƙarfe biyu, ina fitar da shara ta ƙofar baya tare da dattijon da ya koya mini aikin. Shekararsa 27 a ginin. A jikin hularsa akwai ƙananan lambobin ƙarfe da jami'ar ke bayarwa duk bayan shekara biyar, ya jera su a layi. Muka ji hayaniya a bakin matakala. Wani ɗan wasa ne, wanda hotonsa ke rataye a zauren da nake gogewa kullum, ya riƙe wuyan hannun wata yarinya yana jan ta, tana kuka tana tirjewa, takalmi ɗaya a ƙafarta. Da ya gan mu ya sake ta. Ban san wanda ya kira waya ba, amma ba a yi minti goma ba sai ga ɗaya daga cikin mataimakan koci da motarsa. Ya yi wa yaron magana a kunne, ya cire rigar sanyinsa ya yafa wa yarinyar, ya sa su duka biyun a mota. Kafin ya ja, ya ɗaga wa dattijon hannu ya kira sunansa, kamar yadda ake gaida tsohon maƙwabci.

Na ce wa dattijon, "Ba za mu kira 'yan sandan makaranta ba?"

Ya ɗaure bakin ledar sharar tukuna, ya jefa ta a kwandon, sannan ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, ka ga wancan mutumin? Tun yana ɗalibi na san shi. Zai kula da ita. A gidan nan muna kula da namu."

Babu tsoro a muryarsa ko kaɗan. Da tsoro na ji da na fi samun sauƙi. Yarda ce tsantsa. Mutumin nan ba mugu ba ne, shi ne ya ba ni safar hannunsa da ya ga yatsuna sun sandare, shi ne yake rufa mini idan jarrabawa ta hana ni zuwa da wuri. 'Yarsa ta yi karatu a jami'ar da rangwamen da ake yi wa 'ya'yan ma'aikata, ita ce ta farko a zuriyarsu da ta yi digiri. Lokacin da matarsa ta yi jinya, inshorar aikin ce ta biya, kocin da kansa ya aiko da kati. A Amurka inshorar lafiyar yawancin mutane a jikin aikinsu take, fansho ma haka, a Penn State kuwa rangwamen kuɗin makarantar 'ya'yan ma'aikata ya kai kashi 75 cikin ɗari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai dai shi dattijon bai taɓa jin cewa aski yake yi ba. A wurinsa halacci ne, kuma idan ka ce masa jami'ar za ta iya binne laifi, kamar ka zagi mahaifiyarsa ne.

Ni kuwa tsoro ne ya rufe mini baki, ba wani abu ba. Na tuna bizata, na tuna cewa aikin nan ne ke biyan hayar ɗakina, na tuna cewa turancina da lafazin baƙo yake fita, na ce wa zai saurare ni a kan mutumin da dubban mutane ke kiran sunansa ranar Asabar. Da gari ya kusa wayewa na ga ɗaya takalmin a ƙarƙashin matakala, baƙi, mai ɗan tsini, igiyarsa ta tsinke. Na ɗauka na sa a akwatin kayan tsintuwa da ke kusa da ƙofar shiga. Duk daren da na zo aiki sai na leƙa. Yana nan har ƙarshen zangon, ranar da aka juye akwatin gaba ɗaya. Ɗan wasan ya buga wasa a Asabar ɗin da ta biyo baya. Ban sake ganin yarinyar ba, kuma abin da ya kamata in yi a daren bai fi taku ashirin zuwa wayar da ke jikin bango ba. Ban yi ba, yana kaina har yau.

Don haka idan na ce shirun iri biyu ne, na tsaya a tsakiyarsu ne na ga kowanne. Akwai na mai tsoro, wanda ya san abin da ya gani laifi ne, yana kwana da shi. Akwai kuma na tsohon gida, wanda ya kai abin da ya gani wurin na sama da shi, ya sauke nauyi, ya yi barci. Na biyun ya fi haɗari domin mai shi ba ya jin ya yi shiru. McQueary ya gaya wa Paterno. Paterno ya gaya wa Curley. Curley ya gaya wa Spanier. Kowa ya yi magana, amma maganar sama take ta hawa a cikin gida, ba ta taɓa fita ƙofa ba. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi Paterno da komai ba, sun ce ya cika abin da doka ta ɗora masa. Shugaban 'yan sandan jihar ne ya ce bayan doka akwai haƙƙin da ke kan kowane mutum idan yaro ne a ciki, wato ya ɗaga waya ya kira su.

Wanda zai yi magana ma ya riga ya ga makomar waɗanda suka gwada. Vicky Triponey ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaba mai kula da harkokin ɗalibai daga 2003. Baƙuwa ce a gidan, ta dage cewa ɗan ƙwallo idan ya yi laifi a hukunta shi kamar kowane ɗalibi, Paterno kuwa yana ganin wannan hurumin koci ne. Suka yi ta ja-in-ja, a 2007 ita ce ta bar aikin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mai shara ba ya bukatar a yi masa bayani bayan ya ga haka.

Daga waje abin ya fashe. A 2008 wani yaro ɗan sakandare a wata ƙaramar hukuma da ke kusa ya faɗi abin da ake yi masa, hukumar kula da yara ta can ta ɗauki maganar. A Maris 2011 wata matashiyar 'yar jarida, Sara Ganim ta jaridar Patriot-News, ta buga labarin binciken, abin da ya sa ta samu kyautar Pulitzer a shekarar da ta biyo. An kama Sandusky ran 5 ga Nuwamba 2011. Ran 9 ga wata Paterno ya ce zai yi ritaya a ƙarshen kakar wasa, ya kuma ce da ya san abin da ya sani yanzu, da ya so a ce ya yi fiye da abin da ya yi. A daren aka aika masa takarda gida ɗauke da lambar waya, ya kira, aka ce masa an sallame shi. Shekara 61 ta ƙare a waya. Dubban ɗalibai suka fantsama titi, suka kifar da motar 'yan jarida, kuma domin kocinsu suka yi. Paterno ya rasu ran 22 ga Janairu 2012 da cutar kansar huhu yana da shekara 85.

Sauran ya zo da sauri. A Yuni 2012 kotu ta sami Sandusky da laifi 45 cikin 48 a kan yara goma, daga baya a Oktoba aka yanke masa shekara 30 zuwa 60. A Yuli Louis Freeh, tsohon shugaban hukumar FBI, ya fitar da rahotonsa bayan hira fiye da 430, ya ce manyan nan huɗu sun ɓoye gaskiya don gudun ɓacin suna. Iyalan Paterno sun ƙi yarda da rahoton, har yau akwai masu ganin an zalunci mutumin, kuma ni ma ba na ganinsa a matsayin dodo. An cire mutum-mutuminsa daga bakin fili, hukumar wasannin jami'o'i ta ci tarar dala miliyan 60 ta soke nasarori 112, a 2015 ta mayar da su. A 2017 Curley da Schultz suka amsa laifin jefa yara cikin haɗari, aka sami Spanier da irin laifin, kowannensu ya yi 'yan watanni a kurkuku. Jihar Pennsylvania ta gyara dokarta a 2014, yanzu ma'aikacin makaranta da ya ga alamar cin zarafin yaro dole shi da kansa ya kira hukuma, gaya wa shugabansa bai wadatar ba. A ganina wannan gyara ya fi duk tarar amfani, domin ya toshe ainihin ramin da maganar ke faɗawa.

Da Penn State kaɗai ce da sai a ce tsautsayi. A jami'ar Michigan State, 'yan mata sun kai kukan likita Larry Nassar tun 1997, aka ce musu ba su fahimci irin maganin da yake yi ba. A 2014 da wata ta shigar da ƙara a hukumance, ƙwararrun da jami'ar ta nemi ra'ayinsu mutanen da suka san shi ne, aka wanke shi. Sai a Janairu 2018 mata fiye da 150 suka tsaya ɗaya bayan ɗaya a gaban kotu suka faɗa masa a fuskarsa, jami'ar ta biya dala miliyan 500. A Ohio State, binciken 2019 ya gano likita Richard Strauss ya ci zarafin aƙalla ɗalibai maza 177 a shekarun da ya yi aiki a can, daga 1978 zuwa 1998, ana sane da shi har ya zama abin raɗa a ɗakin canza kaya. A jami'ar Michigan, likita Robert Anderson ya yi aiki daga 1966 zuwa 2003, a 2022 aka amince a biya dala miliyan 490 ga mutum fiye da dubu da suka ce ya ci zarafinsu. Duba shekarun. Ashirin, talatin, kusan arba'in. Mutum ba ya daɗewa haka yana ɓarna sai idan waɗanda suka daɗe tare da shi sun saba cewa ai mun san shi.

Dattijon da na yi aiki da shi ya yi ritaya shekarar da na kammala. Aka yi masa ɗan biki a ɗakin cin abincin ma'aikata, kocin ya sauko ya ba shi rigar ƙungiya da sunansa a baya, ya yi hawaye. Na rungume shi da zuciya ɗaya, har yanzu ina ƙaunarsa. Ban taɓa tayar masa da zancen daren nan ba, shi ma bai taɓa ba, ina ma zaton ya manta, don a wurinsa ba abin da ya faru sai wata 'yar matsala da namu suka kula da ita.

Shi kuwa dattijon ginin Lasch, lokacin da shari'a ta zo a 2012 ciwon mantuwa ya riga ya kama shi, yana gidan kula da tsofaffi, bai iya ba da shaida ba. Abokin aikinsa ne ya tsaya a gaban kotu ya faɗi abin da ya ji daga bakinsa a daren, da yadda jikinsa ke rawa, kuma da wannan shaida aka sami Sandusky da laifi a kan yaron. A takardun shari'a lamba aka ba shi, na takwas. Masu gabatar da ƙara sun neme shi ba su same shi ba, ba a kuma ambaci sunansa a kotu ba. Mutum biyu sun ga fuskarsa a daren, an riƙe masa hannu ana fita da shi ta gaban bokitansu.